Layi biyu a waya guda: yadda ake raba na aiki da na gida a Sassumbrum da kewaye

A Sassumbrum da sauran garuruwan bakin iyaka na gundumomin Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, da wuya ka karɓi wayar ɗan kasuwa ko ta malamin lakwal ko ta ma'aikacin likita ka tarar da layi ɗaya a cikinta. Galibi biyu ne, wani ma da na uku naɗe cikin takarda a aljihun gaba. A Yamai, in aka ce mutum yana da layi biyu, ana nufin ɗaya na aiki, ɗaya na iyali. A nan rabon yakan zo da ƙari, domin layin neman abinci sau da yawa na wata ƙasa ne: lambar gida tana farawa da +227, ta kasuwa kuma da +234. Saka layi biyu a waya aikin minti ɗaya ne. Wahalar tana wajen sanin wanne ke ɗauke da kuɗi, da sunan wa aka yi masa rajista, da kuma turken ƙasar da yake kamawa a daidai lokacin da aka danna kira.

Kamfanonin da ke fage

Kamfanoni huɗu ke sayar da layin salula a Nijar. Airtel ya fara a 2001 da sunan Celtel, ya koma Zain a 2008, sannan kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi a 2010. Moov Africa, wanda dattawa suka sani da Telecel, yana hannun rukunin Maroc Telecom. Zamani Telecom shi ne tsohon Orange, wanda ya shigo ƙasar a 2008, ƴan kasuwa suka saye shi a ƙarshen 2019. Na huɗu shi ne Niger Telecom na gwamnati, da aka samar a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Hukumar ARCEP ce ke sa musu ido. Lambobin takwas-takwas ne, kuma mutane sun saba gane kamfani daga biyun farko: 96 da 97 na Airtel, 90, 91 da 92 na Zamani, 94 da 95 na Moov, 93 na Niger Telecom, ban da jerin da aka ƙaro daga baya.

A ƙetaren iyaka akwai MTN, Airtel, Glo da kamfanin da aka daɗe ana kira 9mobile, ƙarƙashin hukumar NCC. A can, tun 2013 mutum na iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa, saboda haka farkon lamba bai isa ya nuna maka kamfanin da take ba. A kuma lura cewa Airtel na Nijar da Airtel na Najeriya suna ɗaya ne, uwa ɗaya, amma kowane da lasisinsa, da kuɗin da yake karɓa, da hukumar da yake amsa wa.

Abin da ya haifar da al'adar

Dalili na farko tsoho ne, kuma na aljihu. Tun zuwan salula, kira tsakanin layuka biyu na kamfani ɗaya ya fi araha a kan kiran da ya tsallaka zuwa wani kamfani, kuma garaɓasar da ake bayarwa yawanci a cikin gida take aiki. Wanda iyalinsa ke kan wannan kamfani, abokan cinikinsa kuma kan wancan, lissafi ne ya tura shi ya riƙe biyun. Na biyu shi ne rezo. Akwai ƙauyen da kamfani ɗaya kawai ke kamawa, akwai wanda sai an hau tudu ko an fita bayan gari, kuma wanda ke kamawa a Magarya ba lallai ya kama a hanyar Yekuwa ko ta Dogo-Dogo ba.

Na uku shi ne iyaka. Gyaɗa, wake, riɗi da dabbobin wannan yanki kudu suke nufa, zuwa Mai'aduwa, Daura, Ɓaɓura, Maigatari mai cin kasuwa ranar Alhamis, daga nan Kano. Kayan masarufi da yawa daga can suke fitowa, kuma naira na yawo a kasuwannin nan kamar sefa. Dillalin da ke Maigatari na iya kasancewa kusa da mutumin Dungas fiye da birnin Damagaram, amma in an kira shi da layin Nijar, kamfani kiran ƙasar waje yake lissafawa. Shi ma dillalin zai yi nauyin hannu wajen kiran lambar +227. Layin Najeriya shi ke kawar da wannan shinge, a inda rezonsa ke tsallakowa.

Darajar kira ɗaya a harkar hatsi ba sabon labari ba ne. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Tufts a Amurka, ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga gari bayan gari. A binciken da ta wallafa a 2010 ta nuna cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari bayan zuwan waya, domin ɗan kasuwa ya daina ɗaukar mota don kawai ya je ya ji nawa ake sayar da tiya. Rufe iyaka da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sun ƙara wa layin na biyu nauyi: ƙafa ta kasa tsallakawa, murya kuwa ba ta tsaya ba.

Yadda wayar ke riƙe su biyun

Kusan duk wayoyin da ke hannun jama'a, Tecno, Itel da Infinix, na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya kafu a Afirka da wannan dabara ta gurbin layi biyu. Samsung da sauran su ma sun bi. Akwai abin da masu sayarwa ba su cika bayyanawa ba. A yawancin waɗannan wayoyi layukan biyu suna zaune ne suna jiran kira tare, amma ɗaya kawai ke iya magana a lokaci guda. Kana cikin magana a layin aiki, wanda ya kira layin gida za a ce masa ba a samunka, kamar wayar a kashe take, kuma kai ba za ka ga alamar kiransa ba sai in kamfanin na turo saƙon sanarwa. Rigimar gida da yawa daga nan take tasowa, uwargida ta rantse an kashe mata waya, maigida ya rantse wayarsa a buɗe ta wuni, kuma kowanensu gaskiya ya faɗa.

Intanet ma layi ɗaya ke ɗauka a lokaci guda, wanda aka zaɓa a cikin saiti. A tsofaffin wayoyi, layin da ba shi ke ɗauke da intanet ba yakan sauka zuwa 2G. In kana kiran WhatsApp da forfen layi na ɗaya, sai kira ya shigo ta layi na biyu ka ɗauka, intanet ɗin zai tsaya har ka gama. Wasu wayoyin kuma gurbi na biyu na tarayya ne, ko dai layi ko katin ajiya, ba duka biyun ba. Wannan abin dubawa ne kafin a biya kuɗi.

Saiti uku ne ke da muhimmanci: layin kira, layin saƙo, layin intanet. Ga mai raba aiki da gida, mafi aminci shi ne a bar kira a kan "tambaye ni kowane lokaci", a kuma sa wa kowane layi suna da sauti nasa, don tun kafin a ciro wayar daga aljihu a san ko abokin ciniki ne ko gida. Akwai kuma hanyar karkatar da kira: a danna **62* sai lambar ɗaya layin sai #, duk kiran da ya zo lokacin da ba a samun layin farko zai faɗa kan na biyu, in kamfanin ya amince da hakan. Ana soke shi da ##62#. Sai dai mai layin ne ke biyan kuɗin wannan karkatarwa, kuma in daga layin Nijar aka karkata zuwa na Najeriya, farashin ƙasar waje za a cire.

Layi biyu sun fi ɗaya cin batir, musamman inda rezo ke da rauni, domin wayar ba ta daina laluben turke. A ƙauyen da caji sai an kai wa mai faranti mai aiki da rana an biya, kashe layin da ba ya kamawa daga cikin saiti yana ƙara wa wayar awanni. Mai sayen iPhone na hannu kuma ya bincika: waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka tun daga iPhone 14 na 2022 ba su da gurbin saka layi ko ɗaya, sai layin da ake shigarwa ta lamba, wanda ake kira eSIM. Danna *#06# na nuna lambobin IMEI, ɗaya ga kowane gurbi. A rubuta su a takarda a ajiye a gida, su jami'an tsaro ke tambaya ranar da aka sace waya.

Tarkon bakin iyaka

Igiyar rezo ba ta san shingen duwan ba. Turken GSM na iya kaiwa har kilomita 35 a fili, ko da yake a aikace yakan gaza haka nesa ba kusa ba. Sakamakon shi ne mutum na zaune a ƙofar gidansa cikin ƙasar Nijar, layinsa na Nijar ya saki turken gida mai rauni ya kama na Najeriya mai ƙarfi. A wajen kamfani, wannan mutum ya yi tafiya ƙasar waje, abin da ake kira itinérance da Faransanci, kuma farashin matafiyi za a yi masa. A wannan hali har ɗaukar kira na iya cin kiredi, intanet kuwa ya fi komai saurin cinyewa, tunda forfen da aka saya don cikin gida ba ya aiki a turken waje. Haka yake faruwa ga layin Najeriya da ya kama turken Nijar.

Alamar ita ce harafin R ƙarami kusa da sandunan rezo, ko sunan wani kamfani da ba naka ba a saman fuskar wayar, ko saƙon barka da zuwa wata ƙasa alhali ba ka motsa ba. Maganin yana cikin saiti. A cire zaɓen rezo daga "kai tsaye" a mayar da shi na hannu, a zaɓa wa kowane layi kamfaninsa, sannan a kashe intanet na tafiya a duka biyun. Illar ita ce in ka yi nisa cikin ɗaya ƙasar, layin zai yi shiru har ka mayar da saitin. Ga mazaunin Sassumbrum da ke da layin kowane ɓangare, wannan shirun ya fi asarar kiredi sauƙi.

An sha yunƙurin kawar da matsalar daga sama. A 2007 Celtel ya shigar da Nijar da Najeriya cikin tsarinsa na rezo ɗaya, wanda ya ba matafiyi damar ɗaukar kira kyauta a ƙasashen da kamfanin yake, amma sharuɗɗan sun sha sauyawa tun daga lokacin. CEDEAO ta zartar da ƙa'ida a kan haka a 2017, aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025. A watan Nuwamba 2024 hukumomin sadarwar Nijar, Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai kan soke kuɗin tafiya tsakaninsu. Abin farin ciki ne ga mutumin Tera ko Ayoru. Mutumin Magarya kuwa maƙwabcinsa Katsina da Jigawa ne, kuma yarjejeniyar ba ta shafe su ba.

Sunan wa ke kan layin

A nan ne asara mafi girma take, kuma nan ne aka fi sakaci. A yau lambar waya ta zama asusu. Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash a kan lamba suke zaune. Manhajojin kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da lamba ake buɗe su. A ɗaya ɓangaren, bankuna da su OPay, Moniepoint da PalmPay duk lambar Najeriya suke tura wa lambar sirri. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, dillalai da yawa a kasuwannin kudu sun koma biya ta waya, wanda ya sa mai sayar da raguna daga wannan gefe ya ga dole ya samu inda za a tura masa.

Dokar ƙasashen biyu ta ce kowane layi a yi masa rajista da sunan mai shi. Nijar ta nuna da gaske take a ƙarshen 2013, lokacin da aka rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar saboda ba a tantance masu su ba. Najeriya ta umarci a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN a Disamba 2020, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa na ƙarshe, 14 ga Satumba 2024. Lambar NIN kuwa ta ƴan Najeriya ce da baƙin da ke zaune can bisa ƙa'ida. Abin da ke faruwa a aikace kowa ya sani: ana karɓar layi da sunan ɗan'uwa na Daura, ko suruki na Ɓaɓura, ko a sayi wanda aka riga aka yi wa rajista a hannun yaro mai tebur a tasha.

Muddin layin na aiki, babu wanda ke tunawa. Ranar da wayar ta faɗa rijiya ko aka zare ta a cunkoson kasuwa, kamfani ba zai sake bayar da lambar ba sai ga wanda sunansa ke rubuce. In ɗan'uwan na raye kuma ana shiri, tafiya ɗaya ce. In ya rasu, ko ya tafi ci-rani Libiya, ko an ɓata, ko kuwa tun farko ba a san ko wane ne ba, to lambar ta tafi, tare da abokan cinikin shekaru da duk abin da ke cikin asusun. Akwai kuma ɗaya fuskar: wanda sunansa ke kan layin na iya zuwa ofishi ya ce ya ɓata, a ba shi sabo, na hannunka ya mutu nan take. Shi ma mai ba da aron suna yana cikin haɗari, domin duk abin da aka aikata da layin shi za a fara nema.

A ganina, wanda bai iya samun layin ƙetare da sunansa ba, ya riƙe shi don magana kawai. Kuɗi su zauna a kan layin da ke ɗauke da sunansa da katinsa na ɗan ƙasa, in kuma dole ta sa an karɓi biya ta wancan, a fitar da shi a ranar. Mata su ne wannan ya fi shafa, ko a layin cikin gida. Mace mai sana'ar ƙuli-ƙuli ko mai riƙe da kuɗin adashi sau da yawa layinta da katin miji ko na ɗa aka yanke shi, kuma saki ko rasuwa na iya raba ta da shi. Gyara sunan a ofishin kamfani, su biyun tare da katunansu, ya fi sauƙi tun ana zaman lafiya.

Layin da ma'aikata ta bayar

Ma'aikatan lafiya, na ƙungiyoyin agaji da na wasu ofisoshi sukan samu layi daga wurin aiki, cikin rukunin da ake kira fulot, inda abokan aiki ke kiran juna ba tare da cin kiredi ba. Wannan layi na ma'aikatar ne. Ranar da kwangila ta ƙare za a karɓe shi, ko a rufe, ko a miƙa wa wanda ya gaje ka. Wanda ya buɗe WhatsApp nasa na iyali a kansa, ko ya ba banki wannan lamba, ya gina ɗaki a filin aro. Magajin kujerar zai riƙa samun saƙonnin da ba nasa ba.

Ta ɗaya gefen, ma'aikaciyar likita ko malamin da ya raba lambarsa ta gida ga dukan gari ya yi sallama da barcin dare. Amfanin layin aiki shi ne ana iya kashe shi daga saiti bayan an tashi, a bar na gida a buɗe, sai dai in aikin na gaggawa ne irin na ungozoma.

WhatsApp lamba ɗaya yake karɓa ga kowane asusu, amma akwai hanyoyin riƙe biyu a waya guda. WhatsApp Business, da ya fito a Janairu 2018, ana iya saka shi gefen na kullum a ɗora masa lambar aiki. Tun Oktoba 2023 kuma manhajar da kanta tana karɓar asusu biyu a wayoyin Android. Tecno, Infinix da Samsung suna da nasu tsarin na tagwaita manhaja. Abin gudu shi ne kwafin WhatsApp na bayan fage da masu tura waƙoƙi ke sakawa mutane, domin kamfanin na rufe asusun da ya kama da su. Asusun da aka riga aka buɗe yana ci gaba da aiki ko da layin ba ya cikin wayar, in dai akwai intanet, kuma wannan ne ke sa mutane mantawa da layin har ya mutu.

Mutuwar layi da satar waya

Kamfanoni ba sa barin lamba a zaune har abada. In ta yi watanni ba kira, ba saƙo, ba a sa mata kiredi, sukan rufe ta, daga baya su sayar wa wani. Ɗan ci-ranin da ya tafi Kano ko Legas bayan girbi ya bar layin Nijar cikin akwati, ko manomin da ya ajiye na Najeriya duk tsawon damina, na iya dawowa ya kira lambarsa baƙo ya ɗauka. Sabon mai lambar na iya buɗe WhatsApp da ita, kuma shi lambobin sirri na asusu za su riƙa zuwa wa. Kiredi kaɗan da kira ɗaya a kowane wata sun isa su riƙe layi da rai.

Sunayen mutane kuma kada a tara su a kan layin kawai, wanda bai cika ɗaukar fiye da 250 ba kuma yana tafiya tare da wayar. Mai babbar waya ya ajiye su a asusun Google, mai ƙarama ya kwafe muhimman a littafi.

Waya mai layi biyu in ta ɓata, biyun ne suka tafi tare, shi ya sa wasu ƴan kasuwa ke ware layin kuɗi a ƙaramar waya mai maɓalli da ba ta fita kasuwa. Makullin fuskar waya ba ya kare layi, ɓarawo zai cire shi ne ya saka a wata wayar. Abin da ke kare shi lambar PIN ce ta layin kansa, wadda ake kunnawa a saiti. In an yi kuskurenta sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK, wadda ke rubuce a jikin babban katin da aka ɓallo layin daga ciki, kuma kuskuren PUK sau goma yana kashe layin gaba ɗaya. Wannan kati a ajiye shi tare da takardun gida. A WhatsApp a kunna tabbaci mai mataki biyu, da lamba shida da mai wayar ne kaɗai ya sani. Duk wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya turo maka wata lamba bisa kuskure ka karanto masa, asusunka yake nema. Ranar da aka sace waya, a ari ta maƙwabci a kira kamfanonin biyu su rufe layukan, a fara da wanda ke ɗauke da kuɗi, sannan a nufi jandarmomi da takardar IMEI.